Yadda ake zaɓen farin ruwan inabi mai zaƙi-zaƙi, a ɗanɗana shi, a haɗa shi da abinci

A wajen biki ko walima akan jera dogayen kwalabe a teburin manyan baƙi, wuyansu naɗe da takarda mai ruwan gwal, waɗanda ake cewa wain marar giya. Yawanci da ɗuminsu ake buɗewa, a tsiyaya a kofin roba, a sha bayan an ci kek. Mutum ya kurɓa sau biyu ya ture kofin, ya ce zaƙi ya ginshe shi. Gaskiyarsa ne, domin an ba shi abin a mafi munin yanayinsa. Idan aka gyara shi yadda ya kamata, aka ajiye shi kusa da abincin da ya dace, da wuya a samu abin shan da ya fi shi tafiya da tsire mai yaji.

Wannan bayani na abin da babu barasa a cikinsa ne. Amma ilimin da za mu yi aiki da shi daga wurin masu giyar inabi na Turai ya fito, musamman Jamusawa, waɗanda suka daɗe suna nazarin yadda zaƙi da tsami ke zama tare a kofi ɗaya. Ko da barasa ko babu, yadda harshe ke karɓar sukari da tsami da gishiri bai canza ba.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Shahararren inabin da Jamusawa ke yin farar giya mai zaƙi-zaƙi da shi sunansa Riesling. Tun shekarar 1435 sunansa ya bayyana a rubuce a Jamus, kuma har yau babu ƙasar da ta kai ta noma shi. Inda ya fi suna shi ne kwarin kogin Mosel, inda gonakin ke manne a jikin tuddai masu tsananin gangara, wasu sai da hannu ake iya girbinsu. Yankin yana da sanyi, don haka inabin yana nuna a hankali, ya tara sukari ba tare da tsaminsa ya gudu ba. A ƙasa mai zafi inabi yakan yi saurin zaƙi, tsamin ya zube tun kafin a tsinke shi.

Idan aka matse inabin, yis ne ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa. In an bar shi ya cinye duka, abin ya fito ba zaƙi. In an tsayar da shi a hanya, ta hanyar sanyaya shi sosai da tace yis ɗin, sai ragowar sukari ya tsaya a ciki. Dokar Tarayyar Turai ta raba matakan da lissafi. Wanda ba shi da zaƙi bai wuce giram 4 na sukari a lita ba, ko giram 9 idan tsaminsa na da ƙarfi. Mai ɗan zaƙi yana kaiwa giram 12, ko 18 idan da tsami sosai. Mai zaƙi-zaƙi yana tafiya har giram 45, abin da ya haura nan kuwa mai zaƙi ne sosai. A kwalaben Jamus za ka ga trocken, halbtrocken, lieblich da süss, a jere kamar yadda na lissafa.

Don ka gane girman waɗannan lambobi: Coca-Cola tana da sukari kusan giram 106 a lita, ruwan inabi zalla kuma yakan kai 150 zuwa 170. Ke nan abin da ake kira mai zaƙi-zaƙi bai kai rabin zaƙin lemon kwalba ba, kuma yana tafe da tsami mai kaifi. Wannan daidaito tsakanin su biyun shi ne abin da za ka riƙa nema a duk matakan da ke tafe.

Mataki na biyu: karanta bayan kwalba kafin ka biya

Kwalabe iri uku ne ke kama da juna a kanti, kuma masu sayarwa da yawa ba sa bambance su.

Akwai giya ta ainihi. Ana rubuta yawan barasarta a jiki, lamba da alamar % sannan vol. Ta Mosel mai zaƙi-zaƙi takan nuna 7.5 zuwa 9, Moscato d'Asti ta Italiya kuma wajen 5 ko 5.5. Zaƙinsu da ƙarancin barasarsu na ruɗar mutane su ɗauka lemo ne, alhali giya ce. Ka ga irin wannan lamba, ka mayar da kwalbar wurinta.

Akwai wadda aka fara yin ta giya sannan aka cire barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Celsius, amma idan aka zuƙe iskar tukunya takan ƙafe a wajen 30, don haka ana iya fitar da ita ba tare da an dafa ƙamshin ya mutu ba. Gidan Carl Jung da ke garin Rüdesheim a Jamus ne ya fara wannan dabara tun farkon ƙarni na 20, kuma gidan Leitz na yankin Rheingau yana yin Riesling irin wannan mai suna Eins Zwei Zero. Sukarinta yakan tsaya tsakanin giram 3 da 5 a mililita 100, wato daidai inda muke so. Sai dai a lura da abu biyu. A Jamus doka ta yarda a kira ta marar barasa ko da akwai ragowar da ta kai 0.5%, don haka wadda aka rubuta wa 0.0% ta bambanta da wadda aka rubuta wa 0.5%. Na biyu, malamai sun yi saɓani a kanta tun da asalinta giya ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar ta, babu abin da ya rasa.

Ta uku ita ce ruwan inabi da ba a taɓa barinsa ya tsimu ba, an sa masa gas ko ba a sa ba. Yawancin kwalaben da ake kai wa wajen bukukuwa a Najeriya, irin su Eva da Chamdor, a nan suke. Ita nake ba da shawara, domin babu kokwanto a cikinta kuma ana samunta a kusan kowane babban kanti. Matsalarta ɗaya ce, zaƙi ya fi ƙarfin tsami nesa ba kusa ba. Ka duba jadawalin da ke bayan kwalbar, ka nemo yawan sukari a mililita 100, ka ninka sau goma. In ka ga 14, giram 140 ke nan a lita, fiye da ninki uku na abin da ake so. Ka kuma duba jerin kayan haɗi. Idan ruwa da sukari ne a gaba, inabi na can baya, lemon kwalba ka saya a farashin inabi.

Mataki na uku: gyara zaƙin

A nan ne aikin yake, kuma bai fi minti biyar ba.

Ka auna kofi ɗaya na farin ruwan inabi, ka ƙara kofi biyu na ruwan sanyi. In kana son kumfa, ka yi amfani da ruwan soda marar sukari. Wannan zai sauko da sukarin zuwa wajen giram 50 a lita. Idan ka sa kofi uku zai sauka zuwa 40, amma ƙamshin inabin zai fara salancewa, don haka na fi son a fara da biyu.

Ruwan da ka ƙara ya rage zaƙi, ya kuma rage ɗan tsamin da ke ciki, sai ka mayar da shi. A kowace lita ka matsa lemon tsami cokali uku na cin abinci, ka juya, ka ɗanɗana, ka ƙara rabin cokali-rabin cokali har ka ji bakinka ya fara kawo yawu bayan ka haɗiye. Ka tace 'ya'yan, kada kuma ka matsa ɓawon da ƙarfi, yana kawo ɗaci.

Wanda yake so ya matso kusa da ainihin ɗanɗanon, ya jiƙa tsamiya kaɗan a ruwan sanyi, ya tace da ƙyalle, ya maye gurbin rabin lemon tsamin da ita. Sinadarin tsamin da ya fi yawa a inabi, wanda ake kira tatarik, shi ne ya fi yawa a tsamiya. Shi ya sa tsaminta ke narkewa cikin ruwan inabi kamar da ma can a ciki yake, na lemon tsami kuwa yana fitowa da ƙamshinsa daban. Illarta kawai tana dusasar da launi, don haka a nemi mai haske, a kuma yi sannu da hannu. A ƙarshe ka sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ba za a ji shi ba, amma zai fito da ƙamshin.

In da ɗanyen inabi za ka fara, ka nemi kore marar ƙwallo, irin wanda ake kawowa daga Masar da Afirka ta Kudu, ana samunsa a kasuwannin kayan marmari kamar 'Yan Lemo a Kano. Ka zaɓi mai tauri wanda sandarsa ke kore shar. Ka wanke, ka tsinke, ka murje da hannu a roba mai tsabta, ko ka ɗan taɓa shi a bilenda sau biyu ko uku kawai. In inabin mai ƙwallo ne kada a markaɗa, ƙwallon da ya fashe yana sa bauri. Ka matse a ƙyalle, ka sa lemon tsamin nan take, domin ruwan yana fara komawa ruwan ƙasa cikin mintuna kaɗan idan iska ta taɓa shi. Ka sa a firij awa biyu guggubin ya kwanta a ƙasa, ka tsiyaye na saman. Kilo ɗaya yakan ba da fiye da rabin lita.

Mataki na huɗu: sanyi da kofi

Ana so sanyinsa ya kasance digiri 8 zuwa 10 na ma'aunin Celsius. Ɗumi yana ƙara jin zaƙi, sanyin da ya wuce kima kuma yana rufe ƙamshi. Awa uku a firij ya isa. In babu wuta, ka sa kwalbar a bokiti, ƙanƙara rabi ruwa rabi, ka watsa gishiri cikin tafin hannu, cikin minti ashirin ta yi. Ka bar ta a bokitin har a gama cin abinci.

Kofin gilashi nake so, ko da tambulan ne, a wanke shi sarai kada ƙamshin sabulu ya tsaya. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku kawai, a riƙa ƙarawa. Maimakon ƙanƙara da ke narkewa ta ɓata lissafin da ka yi, ka daskarar da 'ya'yan inabi ka jefa uku ko huɗu a kofi.

Mataki na biyar: ɗanɗana shi kafin abinci ya iso

Ka ɗaga kofin ka duba. Launin da ake so ruwan ɗorawa ne mai haske, wani lokaci da ɗan kore-kore. In ya yi duhu kamar shayi, ya tsufa ko iska ta shige shi. Ka juya kofin a hankali, ka kai hanci. Riesling yana ba da ƙamshin lemon tsami, koriyar tuffa da ɗan zuma, wanda ya daɗe a kwalba kuma yakan kawo wani ƙamshi mai kama da kananzir, kuma masu sonsa na yaba wannan. Inabin Muscat yana ƙamshin fure da ɗanyen inabi. Gewürztraminer na yankin Alsace a Faransa yana ƙamshin furen wardi, tsaminsa kuma bai kai na Riesling ba.

Sai ka kurɓi kaɗan, ka bar shi ya zagaya baki kafin ka haɗiye. Zaƙi ne zai fara zuwa. Ka jira daƙiƙa biyar. Idan tsami ya biyo baya ya share zaƙin, yawu ya taru a gefen harshe, bakin ya koma wasai kana son ƙari, to ya yi. Idan zaƙin ya manne a dasashi da maƙogwaro kana neman ruwa, ka koma mataki na uku ka ƙara tsami. Idan haƙoranka suka mutu, tsami ya yi yawa, ka ƙara ruwan inabi kaɗan.

Mataki na shida: kawo abincin

Abu uku ne a abinci wannan abin sha ke yi wa aiki: yaji, gishiri da maiƙo.

Zafin barkono da attaruhu daga wani sinadari yake mai suna kafsaisin, wanda ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa kwankwaɗar ruwa ba ta kashe shi. Sukari yana rage jin raɗaɗin, sanyi ma yana taimakawa, barasa kuwa ƙara hura shi take yi. Wannan ne dalilin da ya sa a gidajen abinci na Turai, idan baƙo ya nemi abincin Tailan ko na Indiya mai yaji, akan ba shi shawarar Riesling mai zaƙi-zaƙi mai ƙarancin barasa. Ke nan a gaban abinci mai yaji, wanda ke shan marar barasa bai yi asarar komai ba, ya ma fi samun sauƙi.

Tsire ne ya fi kowa cin moriyar wannan. Ka duba abin da ke kan tsinke ɗaya: ƙuliƙuli mai garɗi, man gyaɗa da ya jiƙa naman, citta da barkono, gishiri, ga ƙamshin hayaƙi a gefen da ya ɗan ƙone. Ka ci yanka ɗaya, ka dangwali yajin da mai tsire ya zuba a gefen takarda, ka tauna har zafin ya fara hawa, sannan ka kurɓa. Zaƙin zai kwantar da zafin, tsamin ya wanke man da ya rufe harshe, sai garɗin gyaɗar ya fito fili, yanka na gaba ya zo kamar shi ne na farko. Da lemon kwalba zaƙi ne ke danne komai har naman ya ɓace. Ɗanyar albasa tana ɗan faɗa da ƙamshin inabi, don haka a rage ta ko a ɗauraye ta da ruwan gishiri. Tumatir da kabeji ba su da matsala.

Kilishi yana da ɗan zaƙinsa a cikin labu, ga gishiri ga yaji, don haka yana son haɗin da ya ɗan fi zaƙi, kofi ɗaya na inabi da ɗaya da rabi na ruwa. Balangu da gasasshen naman rago mai kitse kuwa tsami suke nema, ka ƙara cokali guda na lemon tsami. Gasasshiyar kaza da zabo suna tafiya da haɗin farko ba tare da an taɓa shi ba. Dambun nama ma haka.

Soyayyen abu duka abokinsa ne: karfasa da aka soya ta yi ƙarau, awara da yaji, ƙosai, dankali, doya da ƙwai. A nan mai gas ya fi, domin kumfar na taimaka wa tsamin wajen ɗauke maiƙo. Amma idan yajin ya yi tsanani, kamar farfesun tarwaɗa ko na kayan ciki da aka cika wa attaruhu, ka bar gas ɗin, yana ƙara tsikarin harshe. Farfesu ma da kansa romo ne mai zafi, shan abu mai sanyi a tsakiyarsa bai cika daɗi ba, gara a bari sai an kai ga tsokar. In kuma yaji ya kai inda hawaye ke zuba, nono ko madara ne maganinsa, inabi ba zai iya ba.

Masa da sinasir suna da ɗan tsami da ɗan zaƙi na kansu, don haka suna karɓarsa, musamman idan da yajin ƙuli aka ci. Dafa-duka da soyayyiyar shinkafa mai kori ma suna yi. A can Jamus da Faransa akan sha shi da agwagwa, da ƙyafaffen kifi, da cuku mai gishiri sosai, duk dalilin ɗaya ne.

Mataki na bakwai: abin da za a nisanta da shi

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce kada abincin ya fi abin shan zaƙi. Harshe yana auna na biyu da na farko. In ka ci alkaki, nakiya, tuwon madara, dabino ko kek mai sukari a kai, sannan ka kurɓa, zaƙin inabin zai ɓace gaba ɗaya, tsami tsirara ya rage. In kuma ruwan inabin da ba a sirka ba ne, zaƙi ya hau kan zaƙi, mutum ya ginsa. Kayan zaƙi shayi suke so. Abin da za a iya kawowa a ƙarshe shi ne gwanda, kankana, cincin marar sukari da yawa ko soyayyiyar gyaɗa mai gishiri.

Miyar kuka, kuɓewa da karkashi ba sa tafiya da shi. Yauƙi da ƙamshin daddawa suna sa zaƙin ya zama baƙo a baki. Ɗaci ma haka, miyar shuwaka ko goro suna fito da wani bauri marar daɗi. Tuwo da miya a bar su da ruwan randa.

In kana shakka a kan wani abinci, gwajin mai sauƙi ne. Kurɓa ɗaya, loma ɗaya, kurɓa ta biyu. Ka kwatanta ta biyu da ta farko. In ta fi daɗi ko ta tsaya yadda take, sun dace. In ta koma tsami ko salam, abincin ya fi ƙarfinta.

Mataki na takwas: yawan da za a tanada da ragowar

Kwalba mai mililita 750, idan aka sirka ta ɗaya da biyu, tana ba da fiye da lita biyu, ta ishi mutum takwas zuwa goma. Ka haɗa a jug dab da za a ci abinci, mai gas kuma a zuba soda a ƙarshe, a juya sau ɗaya. Ko da an sirka, kofi mai mililita 250 yana ɗauke da sukari wajen cokali uku na shayi, don haka mai ciwon suga ya sa shi cikin lissafinsa.

Wanda aka matse a gida a shanye shi a ranar, ko washegari idan bai fita daga firij ba. Akwai yis a jikin fatar inabi, kuma a zafin bazara ruwan da aka bari a waje yakan fara tsimuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ka ga kumfa na tasowa da kanta, ko ka ji ƙarar fitar iska da ka buɗe murfi, ko ƙamshin ya koma na ƙullin da ya kwana, ka zubar. Na kwalba da aka buɗe yana kai kwana uku a firij idan an rufe shi gam. Wanda gas ɗinsa ya fice kada a yar, a jiƙa kaza da shi tare da citta, tafarnuwa da gishiri na awa biyu, a gasa a wuta marar ƙarfi, domin sukarin na saurin ƙonewa.